Mayar da bas ɗin Homa motar kwana: zafi da nauyi ne za su tsara maka aikin

Yawancin motocin kwana da ake gani a YouTube da Instagram na Turai ne da Amurka, inda sanyi ne babbar matsalarsu. Shi ya sa suke lulluɓe cikin motar da katako mai kauri, su sa abin ɗumama ɗaki, su gina kicin a ciki, su toshe kowace kafa. Wanda ya kwafi wannan tsarin ya shiga da shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, tanderu ya gina wa kansa. A wajenmu abu biyu ne ke da ta cewa: yadda za ka fitar da zafi, da yawan nauyin da motar za ta iya ɗauka a kan irin hanyoyinmu. Kwalliya tana zuwa ne daga baya, idan akwai sauran kuɗi.

Motar da ta fi dacewa da yawancinmu ita ce Toyota HiAce samfurin da ya fara fitowa a 2004, wadda ake kira Homa a tasha. Ba don ta fi kowace mota faɗi ba, sai don duk garin da ta lalace za ka samu makanikin da ya san ta, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Amma ka san girmanta kafin ka fara mafarki. Ƙaramar, mai tsawon mita 4.7, faɗin cikinta kusan mita 1.5 ne, daga daɓe zuwa rufi kuma kusan mita 1.3. Babbar mai dogon rufi tsawonta ya kusa mita 5.4, faɗin ciki kusan 1.7, tsayin ciki kuma ɗan sama da 1.6. Ma'ana ko a babbar, baligi ba zai miƙe tsaye sosai ba, kuma da zarar an lulluɓe bango ba zai kwanta a gicciye ya miƙe ƙafa ba. Gado a tsawon motar zai kasance. Wanda miƙewa tsaye ya zame masa dole sai ya nemi Mercedes Sprinter mai dogon rufi, ya kuma shirya wa tsadar kayan gyara da ƙarancin masu iya ta a ƙananan garuruwa.

Idan wadda ta yi haya za ka saya, ɗaga ledar daɓe ka duba tsatsa a matakalar ƙofa da saman tayoyin baya. A duba lagireto da fankarsa sosai, domin injin Homa a ƙarƙashin kujerun gaba yake. Wannan kuma yana nufin kada ka gina komai a kan murfin injin ko ka tokare bayan kujerun yadda ba za su ɗagu ba. Akwai masu kafa akwati a nan, sai ranar da za a duba mai su ga sai an kwance rabin aikin.

Kafin kafinta ya taɓa motar, a cire kujerun da ba a buƙata, a cika tanki, a kai ta sikelin da ake auna manyan motoci. A jikinta akwai ɗan faranti, galibi a bakin ƙofar gaba, mai ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kaya. Ka cire abin da sikeli ya nuna daga wannan adadin. Abin da ya rage shi ne jarinka, kuma da sauri yake ƙarewa. Falle ɗaya na filawud mai kaurin milimita 12 ya kai kilo 20. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Silindar gas mai cin kilo 6 tana haura kilo 12 idan an cika ta. Ga firji da abin cikinsa, ga faifan sola, ga katifa, ga kayan gyara, ga ku kanku. Mota mai nauyi fiye da ƙima birkinta ne ke fara ɗaukar zafi a gangara, sai taya ta biyo baya. Duk wanda ya san hawan Mambila zuwa Gembu da saukowarsa ya san wannan ba maganar wasa ba ce. Abu mai nauyi, wato ruwa da batir da kayan gyara, a ƙasa zai zauna, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba shi dama da hagu. Rufi kuma kada ya ɗauki komai sai sola da rumfa, domin Homa doguwa ce siririya, nauyin sama yana sa ta tangaɗi a kwana.

Shawarata ita ce kada a yanka ko falle ɗaya sai an gwada. A zana wurin gado da akwatuna a daɓe da salatif, a jera kwalaye a madadin kabad, a shimfiɗa katifa, a yi kwana biyu a ciki ko da a tsakar gida ne. A nan ne za ka gane cewa firji ya tare ƙofa, ko kanka yana bugun rufi in ka zauna. Mai zaune yana buƙatar kusan santimita 90 daga saman katifa zuwa rufi. A ƙaramar Homa ke nan gado da katifarsa kada su wuce santimita 40. A babbar za ka iya kai wa 65, ka samu wurin ajiya mai kyau a ƙasa. Tsawon gado mita 1.9, faɗi 1.2 zuwa 1.4 ga mutum biyu. Ƙasan katifa a yi shi da sanduna masu tazara, ba falle guda ba, don gumi ya samu hanyar bushewa.

Jerin aikin ma yana da muhimmanci: tsatsa tukuna, sai huje-huje, sai wayoyi, sai abin tare zafi, sai daɓe da bango, kayan katako a ƙarshe. Ramukan da kujeru suka bari a daɓe masu ƙarfi ne, a yi amfani da wasu wajen ɗaure gado, sauran kuma a toshe su da noti da roba. Idan aka bar su a buɗe, ƙura da hayaƙin salansa ta nan za su riƙa shigowa.

Yanzu maganar zafi. Abin tare zafi ba ya sanyaya mota, jinkirta shigar zafin kawai yake yi, kuma da dare yana iya riƙe wanda ya riga ya shiga. Don haka iska ta fi shi muhimmanci. Ana buƙatar fanka ta rufi mai zuƙo iska waje, a kafa ta wajen baya a saman gado, sannan a bar kafa a gaba, kamar gilashin ƙofa da aka sauke kaɗan, don sabuwar iska ta ratsa motar daga farko zuwa ƙarshe. Fankar da ba ta da mashigar iska ƙara kawai take yi. Ramin irin waɗannan fankoki yakan zama santimita 35.5 ko 40 kowane gefe, saboda haka a sayi fankar kafin a yanka. A yanka tsakanin ƙarafan da ke riƙe rufin, kada a taɓa su. A share garin ƙarfen nan take, domin duk inda ya kwana a kan fenti tsatsa zai zama, a shafa wa bakin yankan fentin hana tsatsa, a liƙe da gam ɗin jikin mota irin su Sikaflex. Silikon ɗin banɗaki ba ya jure rana da girgiza. Damina ɗaya zai fara ɗiga a kan katifa.

Rufin ya zama fari. A ciki a manna allon kumfa mai tauri, kaurin milimita 25, a rufi da bango. A guji auduga da tsumma da soson katifa, domin suna shan raɓa su ruɓar da ƙarfe ta ciki inda ba a gani. Gilasai su ne babbar ƙofar zafi, musamman a bas mai taga ko'ina. A yanka wa kowace taga marufi mai ƙyalli daidai girmanta, na gilashin gaba kuma a riƙa sa shi ta waje, don zafin da ya riga ya ratsa gilashi ya shigo ke nan. Kowace kafa da za a bari a buɗe sai an sa mata ragar sauro mai maganaɗisu ko abin mannawa a gefe, har ƙofar gefe da ta baya. Rufaffiyar mota a rana cikinta na iya wuce digiri 60, don haka kada a bar yaro a ciki ko na minti kaɗan.

Za a yi tambayar esi. Esi mafi ƙanƙanta na gida yana jan wat 700 zuwa 900, dare ɗaya ya cinye abin da batir huɗu ko biyar irin wanda zan ambata za su riƙe. Barin inji a kunne don esin mota a kwana, ko ajiye janareta kusa da taga, hanya ce da ke kashe mutane cikin barci, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. A sayi ƙaramar na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru, a kafa ta kusa da gado. A lokacin bazara kuwa, sau da yawa tabarma da gidan sauro a ƙarƙashin rumfa sun fi cikin motar daɗin kwana, in wurin amintacce ne.

Lantarki ne wurin da aka fi asarar kuɗi, saboda ana sayen kaya kafin a yi lissafi. Lissafin kuwa ba wuya: wat ɗin kowane abu sau awannin da zai yi aiki. Firjin mota mai kwamfireso, lita 40, yana jan kusan wat 45, a zafinmu kuma yakan yi aiki kusan awa 12 cikin 24, ke nan wat-awa 540. Fanka mai wat 20 na awa 8, 160. Fitilu wat 10 na awa 4, 40. Cajin wayoyi da kwamfuta, a ce 100. Jimla kusan 850 a rana. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana riƙe wat-awa 1,280, ana iya cin kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, nauyinsa bai wuce kilo 13 ba. Ya ishi yini da kwana, da ɗan rara. Dogon batirin ruwa na inbatar gida mai 200Ah kuwa nauyinsa ya kai kilo 60, rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ruwansa kuma yana fantsama a gargada. Ba na mota ba ne. A kuma lura da akwatin sanyi mai arha da ba shi da kwamfireso: ba ya tsayawa da jan wuta, kuma ɗan rage zafin waje kawai yake yi, ba zai riƙe nama a watan Afrilu ba.

Sola mai wat 300, da rana mai ƙarfi ta awa 5, in aka cire asarar zafi da ƙura, zai ba da kusan wat-awa 1,000 a yini. A haɗa shi da kwantirola irin MPPT, wato na'urar da ke daidaita cajin da sola ke ba batir. A ɗaga faifan santimita 3 zuwa 5 daga rufi. Iska za ta sanyaya shi, shi kuma ya yi wa rufin inuwa. Da hunturu a riƙa goge shi kowace safiya da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar kwana biyu ma tana rage caji yadda za ka gani a allo. Akwai saɓani ɗaya da ba shi da magani: sola na son rana, kai kana son inuwa. Shi ya sa caji daga inji yake da amfani. Amma kada a haɗa batirin litiyam kai tsaye da na mota, zai ja wuta fiye da ƙima ya gasa altaneta, musamman in injin na aiki a tsaye. A sa cajar DC-DC mai am 20 zuwa 30 a tsakani, wato na'urar da ke iyakance wutar da batirin litiyam ke ja daga na mota. Ita ce kuma ke hana firji cinye batirin tayar da mota. Batirin kansa a ajiye shi nesa da tudun injin, a wurin da iska ke shiga, domin zafi yana tsufar da shi.

Gobarar irin wannan mota galibi daga waya take tashi. Wayar gida mai zare ɗaya tana karyewa da girgiza. Mai silala da yawa ake so. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe: kankare sili ɗaya da wuƙa, in ciki fari ne, ka ajiye ta. Firji yana son waya mai girman 4mm², wadda ake kira milimita 4 a kasuwa, da fis mai am 15, a ɗaure ta kai tsaye, ba ta soket ɗin kunna sigari ba. Siririyar waya tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, sai firjin ya ɗauka batir ya mutu ya kashe kansa, mai shi ya yi ta zargin firji. Cajar DC-DC daga gaba zuwa baya tana son milimita 16. Inbata mai wat 1,000 tana jan kusan am 100 daga batir, tana buƙatar milimita 25 zuwa 35, gajeriya. Babban fis ya zauna cikin santimita 20 daga kan batir, domin aikinsa kare waya ne. Duk tsawon da ke gabansa ba shi da kariya. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A nemi mai wayarin ɗin mota ya yi aikin tare da mai sola, kowannensu rabin aikin ya sani.

Kayan katako kuma ba a kafa su da ƙusa ko sukurun katako a jikin kwano. Kilomita kaɗan a kan hanyar burji za su kwance. A yi ƙashin gado da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 25. Masu walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano wannan aikinsu ne na kullum. A ɗaure shi a daɓe da noti mai milimita 8 da faffaɗan washa ta ƙasa. Kafin kowace huda a leƙa ƙarƙashin motar, tankin mai da bututun birki suna nan. In za a yi walda a jikin motar, a cire kan batir. Kowace ƙofar kabad ta samu sakata, firji da jarkoki su samu ɗamara, domin a taka birkin gaggawa duk abin da ba a ɗaure ba kan direba zai nufa. Ba a tafiya da mutum kwance a gado. Kowa a kujera mai bel.

Girki a waje ake yi. Ƙaramin teburi mai naɗewa, ko allo mai zamewa ta ƙofar baya, da murhun gas mai kai ɗaya da abin kare iska sun wadatar. Silinda mai kilo 3 ko 6 ta tsaya a tsaye, a ɗaure, cikin akwatinta mai rami a ƙasa da ya ɓulla waje, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. A rufe kanta bayan kowane girki, a riƙa gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu. Kumfa na nufin yoyo. Kurfotin gawayi kada ya shiga motar ko da sanyin Jos ya kai inda ya kai, domin shi ma yana fitar da gubar nan mai kashe mutane cikin barci; bargo biyu da rigar sanyi ne maganin wannan.

Ruwa a lissafa lita 10 zuwa 15 ga kowane mutum a rana, da sha da alwala da girki da ɗauraye jiki. Jarka biyu ko uku masu lita 25 sun fi tanki guda: ana ɗaukarsu zuwa famfo, ana wanke cikinsu, in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba. Sababbi za a saya, ba waɗanda suka taɓa ɗaukar fetur ko sinadari ba, a ware ta sha da alama. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa.

Sauran kayan zango ba su da yawa in aka tsaya kan na dole. Tamfol mai mita 3 kowane gefe da sanduna biyu da igiya da turaku shi ne falo da kicin da masallaci, ya kuma yi wa gefen motar inuwa. Da iskar hadari ta taso a sauke shi, don tana iya fizge shi har da abin da aka ɗaure shi a jiki. Sai tabarma, darduma, buta, gidan sauro, tocilan goshi, tukwane biyu masu shiga cikin juna, da kwanon wanke-wanke. Mai tafiya da iyali kada ya raina ɗan tantin nan mai tsayi na wanka da kewayawa, da bokiti mai murfi da leda da garin katako; rashinsa ne ke sa mata su ƙi tafiya ta biyu, kuma da gaskiyarsu. Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi bandeji, maganin wanke rauni, gishirin ORS da magungunan da kowa ke sha. Takalma a kakkaɓe su da safe saboda kunama.

Na motar kuwa: jak mai ƙarfi da guntun katako da za a ɗora shi a kan yashi, sifana, famfon taya mai aiki da batir da ma'aunin iska, kayan facin taya, igiyar ja, shebur, fanbel na ajiya, man inji, ruwan lagireto da fis-fis. Abin kashe gobara biyu, ɗaya kusa da direba ɗaya a ƙofar baya, da alamar tsayawa mai kusurwa uku da jami'an FRSC ke tambaya. Tayoyi su zama na ɗaukar kaya, masu harafin C kamar 195R15C, har safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na lokacin ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwalta da nauyi suna fasa ta. A kan hanya mai ƙura a rufe tagogin baya a kunna fankar gaba tana shigo da iskar waje, in ba haka ba ƙura ta robar ƙofar baya za ta riƙa tsotsowa.

Tunda an cire kujeru an sauya amfanin motar, a je ofishin VIO da kamfanin inshora a daidaita takardu kafin tafiya ta farko. Baƙin gilashi yana jawo tambayar izini a shingen 'yan sanda. Labule da marufin da ake cirewa da safe sun fi sauƙi, a kuma tsara akwatuna yadda za a buɗe su cikin minti ɗaya in an ce a buɗe. Ba a kwana a bakin hanya ko a dajin da ba a sani ba, ba a kuma tafiyar dare. A isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi, a nemi harabar gidan baƙi mai maigadi, ko gidan ɗan'uwa, ko wuri mai hukuma kamar sansanin Wikki a Yankari, a tambayi masu wurin inda aka yarda a tsaya. A ƙauye a fara gaida mai unguwa, shi zai nuna wurin da ya dace. A Yankari ɗin kuma a kulle abinci a rufe tagogi ko da rana, birai na shiga mota su kwashe abin da suka samu. Kowane dare a juya motar ta fuskanci hanyar fita, a bar kujerar direba babu kaya, makulli kuma a wuri ɗaya da kowa ya sani.